Ina Tuƙi, Malama Tana Baya

Ciwon ƙafa ne ya haɗa ni da ita. Ina saurayi a lokacin, muna sassabe a wata sabuwar gonar mahaifina da ke hanyar Danja, gatari ya zame daga jikin kututture ya sare ni a ƙwauri. Na yi abin da kowa yake yi a ƙauyenmu, na ɗebi toka na cusa, na shafa man kaɗanya, na yagi tsumma na ɗaure. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura suntum, ko taka ta ba na iyawa. Yayana ya ɗora ni a keke ya tura ni har ɗakin shan magani na garin da ke gaba da mu, wani ɗan gini mai ɗaki biyu da baranda, da darbejiya a ƙofarsa.

A da wani dattijo ne yake aiki a wurin. Ran nan sai muka tarar da wata budurwa cikin fararen kaya. Aka ce sabuwar malamar asibiti ce, 'yar Malumfashi, ba ta daɗe da gama makaranta ba. Ta sa na zauna a benci, ta durƙusa ta warware tsumman. Ta daɗe tana kallon ciwon.

"Malam, da me ka rufe wannan?"

"Da toka," na ce, "da ɗan man kaɗanya."

"Ƙafar taka ce, ko aro ka yi?"

Yayana ya yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, ta goge shi da wani magani mai zafi har sai da na ciji leɓe. Amma ba zafin na riƙe daga wannan rana ba. Na riƙe sanyin hannunta, kamar ta tsamo shi daga randa, da inuwar ganyen darbejiya tana yawo a kan farin mayafinta, tana zuwa tana komawa.

Ta ce in riƙa zuwa wankin ciwo. Na riƙa zuwa. Ciwon ya haɗe ya bar tabo, ban daina zuwa ba. Sai in zauna a ƙarshen benci tare da masu tari da masu zazzaɓi, in layi ya zo kaina in miƙa ƙafa. Wata rana ta duba tabon, ta danna shi da yatsa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ƙafar nan ta warke tuni. In wani ciwon ne kuma, ba a nan ake maganinsa ba. Babana tela ne a Malumfashi, kowa ya san shagonsa."

Da manya suka gama nasu, mahaifinta ya aika in zo ni kaɗai. Na same shi a kan keken ɗinki, bai daina takawa ba har na gama gaisuwa. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Na ba ka, amma ka ji abu ɗaya. Uwarta a hanyar asibiti ta rasu, tana kan gwiwa, yarinyar nan tana kallo lokacin da aka fita da ita. Tun daga ranar ta ce wannan aikin za ta yi. Kada ka zaunar da ita." Na ce na ji. A lokacin ban san girman abin da na amsa ba, na dai san ko me ya ce zan amsa.

Inna, mahaifiyata, ba ta so abin ba da farko. Ba ta taɓa ganin amaryar da take riga mijinta fita ba. Ga shi tuwon Malama ba ya rabuwa da gudaji, don tana cikin tuƙi za a yi sallama, ta bar muciya a tukunya ta fita. Amma da ƙanwata ta zo haihuwar fari gida, Inna ta ga yadda Malama ta zauna da ita tana yi mata magana a hankali har aka sauka lafiya, sai ta karɓi girki ba tare da kowa ya roƙe ta ba. In maƙwabta suka yi tsegumi takan ce, "Hannun da ke karɓar haihuwa ba a tambayarsa tuwo."

Malama nake ce mata, kamar yadda kowa yake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam. Haka muka tsufa.

Shekarar da auduga ta yi kyau na sayi babur. Da ma aikinta ba na zaman ɗaki ba ne kawai, akwai ranakun da take shiga ƙauyuka yin rigakafi da awon masu ciki, da can a ƙasa take zuwa ko ta roƙi mai keke. Tun da babur ya shigo gida na zama mai kai ta. In na yi asuba na leƙa gona na nuna wa 'yan ƙwadago inda za su kama, sai in dawo in same ta a ƙofar gida, ta ɗora hijabi a kan fararen kayanta, akwatin allura mai ƙanƙara a ƙasa, jaka a kafaɗa. In ɗaure akwatin a kan tanki, ta hau baya, mu kama hanya. Abokaina a majalisa suka sa mini suna ɗan acaɓan Malama. Ban taɓa musawa ba.

Yanzu in na rufe ido, duk tafiye-tafiyen nan sun narke sun zama tafiya ɗaya. Ba na iya raba wace shekara ce da wace. Kullum damina ce a cikin tunanina, ko da yake na san mun yi na rani. Masara ta yi goyo ta matse hanya hagu da dama, ganyenta yana shafar gwiwoyinmu, raɓa ta jiƙa mini ƙafar wando. Balbelu suna bin shanun huɗa. Hayaƙin girki yana kwance a kan rufin gidaje, ya ƙi tashi sama. Mukan faɗa fadama sanyi ya buge mu, ƙanshin rake da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci, mu haura tudu rana ta sake samun mu. A bayana kuma akwai nauyinta, wanda ba nauyi ba ne, da ƙanshin sabulun asibiti da ba ya barin jikinta, da muryarta daf da kunnena.

Ba ta san mutane da gidajensu ko sana'arsu ba, da haihuwarsu ta san su. Mu wuce wani yaro yana kiwon awaki ta ce, "Wancan da ƙafa ya fito." Mu wuce wata da farantin gyaɗa a ka ta ce, "Waccan ranar kasuwar Danja aka haife ta, uwarta tana cewa ita ba za ta haihu ba sai ta sayar da daddawarta." Wani lokaci kuma sai ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, tsaya." In na tsaya, sai in ga ashe wani ɗan yaro ta hango a gindin danga, gashinsa ya yi ja, kumatunsa sun kumbura. Ta sauka ta tambayi ina uwarsa. Ta shige gidan da ba ta taɓa shiga ba, in zauna a kan babur ina jin muryarta daga waje tana bayanin yadda ake soya waken soya a niƙa da gyaɗa a dama wa yaro kunu. Waken yana nan jibge a rumbunsu, sun ajiye shi jiran kasuwa.

Ban taɓa jin ta ɗaga wa mai ciwo murya ba. Mazajen masu ciwo kuwa sun sha. Wanda duk ya ajiye matarsa a ɗaki har abu ya ɓaci sannan ya zo neman ta, zai ji magana, ko da ya haife ta. Ba ta zagi, sai dai ta tsaya ta dube shi ta ce, "Da saniyarka ce ta kwana tana wannan wahala, da ka bar ta?" Mutum ya rasa inda zai sa idonsa.

Akwai wata rana cikin marka da ba ta narke cikin sauran ba. Da hantsi ina gona ina zuba taki, sai ga wani dattijo ya ratso kunya-kunya yana nufo ni, wandonsa jiƙe har ƙugu. Daga gidajen Maguzawa yake, na hayin rafi, mutanen da suka riƙe addinin kakanninsu, manoma na gaske, da su muke musayar iri tun zamanin iyayenmu. Ya gaishe ni ya ce matar ɗansa tana kan gwiwa tun jiya, tsofaffin gida sun yi iya yinsu. An ce masa ni ne mijin Malama.

Na ɗauko ta daga ɗakin shan magani, muka bi shi. Da muka isa rafi, ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da karare da rassan itace. Samarin gidan suna tsallake suna jiranmu. Na jingine babur a gindin wata tsamiya. Suka ce bari su kawo gadon kara su ɗauke ta, ta ce kafin a je a dawo lokaci ya tafi. Ta ɗora mini jakarta a ka, ta riƙe damtsena, muka shiga. Ruwan ya kai mata ƙirji. Ina jin yatsunta suna nutsewa cikin namana. Da muka fito, fararen kayanta sun koma launin ƙasa.

Ta shige cikin gida, ni na zauna da maza a gindin ɗorawa. Can dattijon ya kawo mini ruwa a ƙwarya ya ce, "Sha, Malam. Na rijiya ne zalla, ƙwaryar ma sabuwa ce, ba a taɓa zuba komai a cikinta ba." Da rana ta karkata ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a wuri mai tsabta, ya nuna da haɓa ya ce nan ne yake ganin maƙwabtansu suna fuskanta. Na yi azahar, su suna zaune shiru a bayana, zabi suna kiwo a gefen tabarmar.

Ina sallamewa ta fito. Ta nufi dattijon kai tsaye ta rage murya.

"Baba, jaririn ya riga ya koma. Uwar nake son mu samu. Jini take zubarwa, abin ya fi ƙarfin jakata. Sai babban asibiti."

Ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Abin da kika ce, shi za a yi."

Ba yadda za a ratsa rafi da mai jini. Aka ɗaura wa shanu amalanke, aka shimfiɗa katifa, za su zagaya ta wajen gada. Ni Malama ta ce in koma in ɗauki babur, in riga su zuwa bakin titi in tare mota. Na sake shiga ruwa, na hau babur, na isa titi, na samu wani mai ƙaramar bas ya yarda ya sauke kayansa ya jira. Muka tsaya muna kallon inda hanyar ta fito daga cikin masara.

Na daɗe a tsaye. Aka soma yayyafi, ga kuma rana ba ta ɓuya ba, irin ruwan nan da yake sauka kamar zare mai haske. Sai ga ƙahonin shanu sun ɓullo daga cikin kore, a hankali, kamar ba tafiya suke ba. Bayansu amalanke. Malama tana durƙushe a ciki, hannu ɗaya a kan cikin matar tana dannawa, ɗayan ta ɗaga shi sama riƙe da ledar ƙarin ruwa, don babu inda za a rataye ta. Rana ta bugi ledar tana walƙiya. Daga baya samarin suka gaya mini tun da aka bar gida hannun nan bai sauka ba. In an ce in tuna matata, wannan nake fara gani, ba fuskarta ba. Hannu a sama, cikin yayyafi, da ɗan haske a tafinsa.

A Funtua aka ce ana buƙatar jini. Mijin ya bayar, bai isa ba. Malama ta juyo ta dube ni. Na naɗe hannun riga. Ashe irin jininmu ɗaya da matar.

Ta rayu. Washegari da safe na je na ɗauko Malama, muka kama hanyar gida. Har muka bar kwalta ba ta nuna mini ko yaro ɗaya ba. Can sai na ji ta kifa goshinta a tsakiyar bayana, na ji rigata tana jiƙewa. Na rage gudu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da tun shekaranjiya suka zo." Na bi da mu ta doguwar hanya, don ta gama kafin mu shiga gari.

Bayan damina biyu matar nan ta zo awo da ƙafarta, tun cikin yana ƙarami. Ta haifi 'ya mace a hannun Malama. Daga nan ba a taɓa yin kakar da ba a aiko mana da kabewa da zuma daga hayin rafi ba, da damina kuma ƙwan zabi a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi. Dattijon in ya gan ni a kasuwa sai ya riƙe hannuna ya ce wa mutane, "Wannan na gida ne."

Ba zan ce 'ya'yanmu ba su ji a jikinsu ba. Wata safiyar Sallah tana yi wa babbar 'yarmu kitso, an kai rabi, aka yi sallama. Ta ajiye tsinken kitso ta fita. Yarinyar ta tafi idi da rabin kai a tsefe cikin ɗankwali. Da muka dawo ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, Mama ta fi son 'ya'yan mutane." Na gaya wa Malama da ta dawo. Ta wanke hannu, ta kira yarinyar ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tana kitso tana cewa, "Ki yi haƙuri. Ke kina da Babanki, kina da Inna. Waccan a lokacin ba ta da kowa sai ni." Yarinyar ba ta yarda ba. Ta daɗe ba ta yarda ba. Sai da ta yi haihuwar kanta, a wani gari mai nisa, a hannun wata da ba ta sani ba, wadda ita ma ta baro nata 'ya'yan a gida, sannan ta bugo waya tana kuka ta ce a ba ta Mama.

Daga baya hanyoyin suka canja. Aka fara jin an tare wane, an kore shanun wane. Wuraren da muke tsayawa mu sha fura suka zama wuraren da ake wucewa da gudu. Wasu ƙauyukan suka watse, ciyawa ta cinye hanyarsu. Inna ta riga ta rasu, 'ya'ya sun girma, suka matsa mana muka koma Funtua, can gefen gari. A tsakanin nan Malama ta yi ritaya. Na ɗauka za ta huta.

Amma mutanen ƙauyukan nan su ma garin suka shigo, suna zaune a ɗakunan haya da kangaye, kuma ba a daɗe ba suka gano ƙofarmu. Kafin hantsi zauren gidan ya cika da takalman mata. Ba ta yin allura a gida, ta ce aikin asibiti a asibiti ake yinsa. Sai dai ta auna jini, ta ja fatar ido ta duba, ta taɓa ciki, ta saurari magana har ƙarshenta. Wadda take tsoron layin asibiti ta sa hijabi ta raka ta. Wata ma ba ciwo ya kawo ta ba, so take ta zauna kusa da wanda ya san garinsu lokacin da yake gari.

Ita da ta auna jinin rabin ƙasar nan, nata maganin hawan jinin sai na bi ta da shi. In na miƙa mata ta ce, "Ajiye, Malam, zan sha." In dawo in tarar da shi a inda na ajiye.

Wata safiya tana shanya a tsakar gida, na ji bokiti ya faɗi. Na fito na same ta zaune a ƙasa tana kallon hannunta na dama.

"Malam," ta ce, bakinta ya karkace, "hannun nan ba nawa ba ne."

Ta san abin da ya same ta kafin kowa ya sani. Likitoci suka yi nasu ƙoƙarin, muka dawo gida da ita, ɓarin dama ya shanye, magana ta rage saura kalma ɗai-ɗai. A nan na koyi aikinta, da tsufana. Na koyi juya mai ciwo don kada bayansa ya saluɓe, na koyi ba da kunu da cokali ba tare da an shaƙe ba, na koyi murza yatsu ɗaya bayan ɗaya. In na yi ba daidai ba ta bugi bayan hannuna da na hagunta, ta nuna mini. 'Ya'ya mata suna zuwa suna komawa, amma ta fi son ni in yi. Da la'asar nakan fito da ita inuwa, mu zauna muna kallon tattabarun maƙwabci suna kewaya sama. Ba mu taɓa samun zama irin wannan ba tun da aka ɗaura mana aure.

Da kaka ta yi, wata rana ta dube ni ta ce, "Babur."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta sake faɗa. Ɗanmu ya ce ba zai yiwu ba, za ta faɗo. Babbar 'yarmu tana gida a lokacin, ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta shiga ɗaki ta fito da zani mai ƙarfi. Suka ɗora ta a bayana, 'yar ta zagayo da zanin ta ɗaure mu tare a ƙirjina, kamar yadda ake goyo. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Na tuƙa a hankali, ƙafafuna suna kusan jan ƙasa. Muka fita bayan gari ta ɓangaren da ake iya fita. An yanke dawa an jingine, sararin ya buɗe, sama ta yi nisa. Yanzu ba a noman auduga kamar da, amma muka samu wata gona da ta fashe fari fat, mata suna ciki suna tsinka, buhuna ɗaure a ƙugunsu. Na tsaya a bakin gonar ban kashe babur ba. Ɗaya daga cikinsu ta miƙe ta sa hannu ta kare rana, ta ce wa ta kusa da ita, "Kamar Malama."

Suka fito ɗaya bayan ɗaya, auduga maƙale a zannuwansu da gashin girarsu. Suka kewaye mu. Wannan ta riƙe hannunta na hagu, waccan ta gyara mata hijabi. Wata ta ƙwala wa wani saurayi kira daga ƙarshen gona, ya zo ya durƙusa, ta ce, "Malama, kin gane shi? Shi ne wanda ya ƙi kuka sai da kika mare shi." Ina jin dariyar Malama a bayana, ba sauti, sai motsin ƙirjinta. Can ta zare hannun da aka riƙe, ta miƙa shi ga fuskar wata yarinya mai ciki, ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa. Ta ce, "Jini." Matan suka yi dariya, wasu suna share ido. Uwar yarinyar ta ce, "Mun ji, Malama. Gobe za ta je asibiti."

A hanyar dawowa ta yi barci. Na ji kanta ya kwanta, numfashinta yana sauka a wuyana. Na zagaya da mu unguwa sau da yawa kafin na tsaya a ƙofar gida, don kada in tashe ta.

Ba ta kai ƙarshen kakar ba. Da hantsi ne, na gama ba ta kunu na goge mata baki. Ta riƙe yatsana. Na ga idonta ya canja, na matso ina karanta kalmar shahada, leɓɓanta suna bi na gwargwadon iko. Hasken taga yana kan bargonta. A waje mai sayar da rake yana wucewa yana kira.

Mutanen da suka zo jana'iza ban san rabinsu ba. Ana ta zuwa gaisuwa har bayan sadakar bakwai. A cikinsu akwai mutanen hayin rafi. Dattijon ya daɗe da rasuwa, amma ɗansa ya zo, da matar, da 'yar da aka haifa a hannun Malama, ita ma da goyonta. Matan suka shiga ciki. Shi ya zauna a bakin tabarma, ya jira aka shafa addu'a, sannan ya matso ya ce, "Malam, ban san abin da ake cewa a wajenku ba. Mun dai zo." Na ce masa abin da ake cewa ke nan.

Bayan wata da watanni, ina zaune a ƙofar gida ina gyaran buhunan taki, sai ga wata mata da yaro a kafaɗa, ƙafafunta sun yi futu-futu da tafiya. Ta gaishe ni ta ce nan ne gidan Malamar asibiti? Daga wajen Dandume take. Wata ce ta kwatanta mata tun bara, ta ce in yaron ya ƙi daɗi ta kawo shi nan.

Na ce mata ta zauna tukuna, na sa aka kawo mata ruwa. Sai da ta sha na gaya mata. Ta ajiye kofin a hankali, ta yi salati, ta daɗe tana kallon ƙofar zauren.

"Allah ya jiƙanta," ta ce. "Ban taɓa ganinta ba."

"Amin," na ce. "Me ke damun yaron?"

Ta juyo da shi. Jikinsa zafi rau, numfashinsa yana fita da sauri. Na kira matar ɗana, na ce ta sa hijabi ta raka baiwar Allah nan asibiti, kada ta baro ta sai an ga likita. Suka tafi. Na bi su da kallo har suka sha kwana, sannan na koma kan buhunana. Da la'asar matar ɗana ta dawo ta ce an ba su gado, an sa wa yaron ruwa, har ya nemi nono.